Tattakin tara kuɗin jinyar yara a Garwa: abin da ya yi kyau da inda kuɗin ke yoyo

Wani gidan motsa jiki a Garwa, tare da wasu ƙungiyoyin tsofaffin 'yan ƙwallo da ake kira deux-zéro, yana shirya tattaki don tara wa yara masu doguwar jinya kuɗi: masu sikila da ciwon ya ci ƙarfinsu, masu ciwon daji da aka dawo da su gida daga Yawunde, da waɗanda ba sa iya tashi daga kwance. Kuɗin ba na neman waraka ba ne. Na rage raɗaɗi ne, da kuma biyan matan da ke karɓar uwa jinya ta samu ta runtsa. Irin wannan aiki ba sabo ba ne a duniya, gidan jinyar yara na farko mai wannan manufa, Helen House, an buɗe shi a Oksfod ta Ingila a 1982, kuma hutar da iyaye na cikin dalilan kafa shi. Bambancin shi ne a nan babu gini, ana bin yaran ne har ɗakin uwarsu.

Tattakin kansa ba shi da abin kushewa sosai. Kilomita 5 ne, ana tashi ƙarfe shida bayan an sauko daga sallar asuba, mai tafiyar ƙasaita ma ya gama cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Sun zaɓi tsakiyar Fabrairu, kusa da ranar 15 ga wata da duniya ta ware wa yara masu ciwon daji, kuma zaɓin ya dace da garin. Wanda ya kai shi Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, jinya zai ƙara wa mutane. Ana ba kowa ledar ruwa biyu ta rabin lita, ɗaya a tsakiyar hanya, ɗaya a ƙarshe, akwai kuma bokitin ruwan gishiri da sukari da aka haɗa daidai: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin cokali na gishiri. Takardu ma a kammale suke. Dokar 1990 ta ce duk taron da zai bi titi a sanar da sufurefe, wato jami'in gwamnati mai kula da yankin, aƙalla kwana bakwai kafin ranar, dokar 1983 kuma ta ce neman taimako daga jama'a sai da izinin hukuma. Takardar sanarwar da ta izinin duka suna manne a ƙofar gidan motsa jikin, kowa ya karanta. Matsalar da ta rage musu ita ce 'yan acaɓa. Mutum biyu da jan ƙyalle ba sa tare mahaɗar hanya da safe, ana bukatar huɗu.

Wani abu da suka yi daidai, kuma ba kowa ke yi ba: ba sa fito da yaran a ɗauke su hoto. Sanyin hunturu da ƙishirwa da gajiya su ne ke tayar da ciwon sikila, yaron da aka tsayar a fili da sanyin safiya don a tausaya masa, a gadon asibiti zai kwana.

Matsalar tana wajen kuɗi. Hanya biyu suke tarawa. Ta farko rajista ce, jaka uku, wato sefa 3,000, a ba ka riga mai tambari. Rigar da buga tambarin suna cinye kusan rabin kuɗin, a cire ruwa da hayar lasifika da kujeru, abin da ke isa ɗakin mara lafiya bai fi jaka ɗaya ba. Riga ce kuma da wanki biyu ke kashe ta. Ta biyu ita ce takardar alkawari, kuma ita ya kamata a ce sun sa a gaba. Mai takardar, maimakon bin titi, yana zagaya fili mai mita 400, duk zagaye ɗaya a saƙala masa robar ɗaure kuɗi a hannu, a ƙarshe a ƙirga. Zagaye goma sha biyu da rabi ne kilomita 5. Idan mutum goma suka yi maka alkawarin sefa 100 a kowane zagaye, ka yi goma sha biyu, sefa 12,000 ke nan, ba riga ba ɗinki. Sai dai takardar tana da wani rami da duk ɗan kasuwa zai gane. Alhaji ya ce "rubuta mini ɗari", shi a lissafin dala yake, wato sefa 500, yaron da ke rubutu ya sa 100. Ko kuma akasin haka, ranar karɓa a yi ta musu a bakin shago. Maganinsa layi ɗaya ne a takardar: a rubuta adadin da lamba, a sa "sefa" a gefe, mai alkawari ya sa hannu. A kuma karɓa cikin mako guda, don alkawarin da ya kwana wata ya zama bashi, bashin sadaka kuwa ba mai iya bin sa.

Suna karɓa ta Orange Money da MTN MoMo, wanda ya sauƙaƙa wa 'yan uwa da ke Marwa da Kusuri. Amma lambar ta mutum ɗaya ce, ba ta ƙungiya ba. Ba zargi ake yi ba, sai dai kuɗin jama'a a wayar da ake sayen katin kira da ita ba tsari ba ne. Akwai kuma kuɗin cirewa, da harajin kashi 0.2 cikin ɗari da aka sa tun Janairun 2022, cirewa kaɗan-kaɗan sau ashirin ta fi cirewa sau biyu tsada, kuma ba a nuna wannan a lissafin da suke mannawa.

Inda hidimar ta fi ƙarfi shi ne karɓar jinya. Wanda ya san asibitocinmu ya san mai jinya ce ke wanki, dafa abinci, sayo magani da kwana a tabarma, idan an koma gida kuma aikin ninkuwa yake. Matar da suke turowa tana zuwa bayan isha'i, ta tafi da asuba, dare biyu a mako. Mace suke turawa, saboda gidajen da ba a shiga, kuma sai sun fara ganin maigida, wani lokaci ta hannun mai unguwa ko liman. Wannan ba ƙaramar dabara ba ce. Uwa da yawa ba za ta yarda ta kwanta ba don kada dangin miji su ce ta gaji da ɗanta. Sai an ce mata, "Yaya, je ki kwanta, Malam ya sani, in ya motsa zan tashe ki," sannan take sakin jiki.

A gefen shimfiɗar yaron akwai littafin makaranta mai layi, an raba shafi gida huɗu: lokacin magani, lokacin juyi, abin da ya sha, fitsari da bayan gida. Yaron da ba ya motsi ana juya shi duk awa biyu, in ba haka ba ƙugu da diddige su yi gyambo. Wanda likita ya rubuta wa ruwan morfin, duk awa huɗu ake ba shi bisa agogo, ba sai ya fara kuka ba, kuma mai karɓar jinya ba ta da ikon ƙarawa ko ragewa. Morfin yana ɗaure ciki, shi ya sa gidan bayan gida a littafin yake da muhimmanci, kwana uku babu komai a ciki, a kira ma'aikacin lafiya. Inda aka fi samun kuskure shi ne wajen miƙa aiki da asuba: mai karɓa tana sauri, uwa tana magagin barci, ba a karanta littafin tare, sai a maimaita maganin ƙarfe huɗu ko a tsallake shi. Minti biyar ne, amma ba duka matan ke tsayawa ba.

Babban raunin shi ne kuɗin Fabrairu ba ya kai damina. Zuwa Agusta, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da masu sikila, dare biyu ya koma ɗaya. 'Yan deux-zéro da ma suna zuba adashe duk mako bayan wasa, da za a ware sefa 200 daga hannun kowa a wannan zama, da gibin ya ragu ba tare da an jira wani tattaki ba.

Ga mai son shiga: ya cancanta. Ka ce ba ka son rigar, ka karɓi takardar alkawari, ka zo da takalmin da ƙafarka ta saba da shi, ba sabo ba. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya karya kumallo kaɗan, ya sha maganinsa kafin ya fito, mai asma ya riƙo abin shaƙarsa saboda ƙurar hunturu. Bayan wata ɗaya ka koma ka tambayi abu ɗaya, dare nawa aka biya, a gida nawa.