Inji mai bawul 8 ko mai bawul 16, wanne ya fi?

Kowane silinda, wato ramin da fetur ke ƙonewa a cikin inji, sai da ƙofar shigar iska da ƙofar fitar hayaƙi, bawul kuwa shi ne murfin da ke buɗe ƙofar yana rufe ta. Fetur na gama ƙonewa kamshaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa tana danna bawul, zai danna bawul ɗin hayaƙi ya buɗe, fistin ya taso ya koro hayaƙin zuwa salansa, sai sifirin ya maida bawul ɗin ya rufe gam. Bawul ɗin hayaƙin nan shi ya fi shan wuta, zafinsa kan haura digiri 700.

To a Golf 3 mai inji 1.8 bawul 8 ne, silinda huɗu, kowanne bawul ɗin iska ɗaya, na hayaƙi ɗaya tak. Corolla ta 2003 kuma 16 ne, bibbiyu, shi yasa take numfashi sosai in ka taka ta a titin Kano zuwa Kaduna, ba ta shaƙewa.

Amma ni wallahi na fi son mai 8 in don haya ne, kayan cikinsa kaɗan, in bawul ya ƙone mota ta fara rawa tana rasa ƙarfi kowane bakanike zai buɗe kan injin ya gyara ba tare da aljihunka ya yi kuka ba. Mai 16 fa sai mai hannu, ga tsada.