Gargaɗi: mai haɗa cajar motar lantarki ya cinye min N1,850,000, ya kusa ƙona min gida

Wallahi ban yi niyyar fito da maganar nan ba, amma jiya na ga mutumin ya sake sa talla a Facebook da sabon suna, wai yana haɗa cajar motar lantarki a gidaje a nan Kano. N1,850,000 na tura masa. N1,200,000 kafin alƙalami, N650,000 ranar da ya ce ya gama. Duk ta banki, duk ina da shaida.

Kuma don Allah kada wani ya zo min da "ai da ka bincika". Na bincika. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 nake lissafin motar nan kafin na saya. Igiyar cajin da ta zo da ita a soket ɗin gida ake sa ta, soket kuwa na amfiya 13 ne, abin da zai bayar bai wuce kilowat 3 ba. Ga ɗauke wuta. Mota ta kwana a jone, gari ya waye batir bai cika ba. Shi ya sa na nemi cajar bango mai kilowat 7. Na san amfiya 32 take ja, kuma ba jan minti goma ba irin na hitar ruwa, awanni take yi tana ja ba sassauci. Duk na san wannan kafin ya taka ƙofar gidana.

Gidan tsoho ne, mahaifinmu ya gina shi a shekarun 1980. Ranar da mutumin ya zo ko kallon motar bai yi ba. Wajen mita ya nufa, ya buɗe akwatin rarraba wuta, ya haska da fitilar wayarsa, ya daɗe yana girgiza kai. Sai ya juyo ya ce, "Alhaji, ko nawa za ka ba ni ba zan ɗora caja a kan wannan tsohon wayarin ba. Akwai iyali a gidan nan." Wannan maganar ce ta kashe min jiki. Akwai iyali a gidan nan. Ya tambayi na'urar sanyaya ɗaki nawa muke kunnawa, da injin jawo ruwa, da firji, yana rubutawa a bayan kwali. Na ce ko mai kilowat 11 zan saya, ya hana ni, ya ce layi ɗaya ne ya shigo gidan, ita kuwa sai mai layi uku. Ku gaya min, wane ɗan damfara ne zai hana ka kashe kuɗi? Ko waye a wurin nan zai yarda da shi.

Ya rubuta min da hannunsa: wayar wuta ta musamman tun daga akwati har gareji, ta jan ƙarfe zalla mai milimita 10 saboda nisa, da bireka (makunnin da ke yanke wuta da kansa idan an ja ta fiye da kima) nata ita kaɗai mai amfiya 40, da na'urar da ke yanke wuta idan ta fara zuba a jikin mota, da sabuwar sandar ƙasa, wato ƙarfen da ake kafawa a ƙasa don wutar da ta zuba ta bi ta nan. Takardar tana hannuna.

Matata ce ta fara jin ƙaurin roba a ɗakin yara. A'a, kafin nan ma, a makon farko wuta ta riƙa yankewa da an jona motar. Na kira shi, ya zo da gudu, ya ce ƙaramin abu ne, ya taɓa akwatin, yankewa ta tsaya. Har kuɗin mai na ba shi don jin daɗi. Bayan N1,850,000, har kuɗin mai! Shi aikin kansa ina Legas aka yi, na dawo na tarar komai a rufe cikin farin bututu, tsaf-tsaf, caja na ƙyalli a bango.

Da soket ɗin bayan gadon yara ya yi baƙi, murfinsa ya narke ya lanƙwashe, sai na kira dattijon da ke mana gyaran wuta tun mahaifinmu na da rai. Baba ya ɓalle bututun a gabana. Wayar mai kauri kamu ɗaya ce kawai a bakin caja, inda ido zai gani, da wani guntu a bakin akwati wanda bai je ko'ina ba. A ciki an ɗaure ta da salatif a jikin siririyar waya mai milimita 2.5, an zagaya an jona a soket ɗin ɗakin yara. Ya sa wuƙa ya kankare mai kaurin, sai ga fari fat. Alminiyom ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. Ya ja wayar ƙasa da yatsa biyu, ta fito salin-alin, babu sandar komai a ƙasan. Na'urar yanke wutar kuma ya danna maɓallin gwajinta, shiru.

Gyaran da mutumin ya zo ya yi da gudu kuwa, bireka ya cire ya sa mai amfiya 63. Baba ya ce min, "Ɗana, bireka waya yake karewa. Wannan siririyar sai ta kama da wuta shi bai ko motsa ba." Wato mutumin ya san abin da ya yi. Ya ga wuta na yankewa don ta cece mu, ya zo ya toshe mata baki, ya karɓi kuɗin mai ya tafi. Mutumin da ya kalli idona ya ce akwai iyali a gidan nan.

Lambarsa a kashe. Shagon da ya nuna min na wani ne, wai zama kawai yake zuwa yi. Takardar shaidar NEMSA, hukumar da ke tantance masu aikin haɗa wutar lantarki, da ya nuna min a waya, da na buɗe hoton da kyau, liƙa sunansa aka yi a kan na wani. Cajar ma Baba ya ce kada a sake jona ta sai an duba cikinta.

Na kai ƙara, kuma an ce in dakata da fitar da suna da hotonsa, amma hotunan tura kuɗi, da takardar da ya rubuta, da saƙonnin muryarsa, da bidiyon wayar da aka kankare, zan sa su duka da zarar an ba ni dama. N1,850,000 ba za ta tafi a banza ba in sha Allahu.

Mai son sa caja a tsohon gida: sayi wayarka da kanka ka kankare ta, ka tsaya a kan aikin kafin a rufe bututu, a danna maɓallin gwaji a gabanka, kada ka cika kuɗi sai wani mai gyaran wuta daban ya duba. In wuta na yankewa kada ka yarda a ƙara girman bireka.

Wanda mutumin nan ya taɓa yi wa aiki, fari ne siriri, yana yawo da jar jakar kayan aiki, ya daina jona motarsa yau, ya yi min magana ta akwatin saƙo.