Sharhi: Kyafaffen Salmon na Fakiti a Kan Kokwamba Don Tarbar Baƙi

Fakitin kyafaffen kifin salmon da nake magana a kansa shi ne mai giram 100, wanda ake yanka kifin siriri, a jera shi a kan kwali mai ƙyalli, a zuƙe iskar ciki sannan a liƙe ledar. Salmon ne na tekun Atlantika da aka kiwata a Norwe, aka kyafa shi da hayaƙi mai sanyi. Na yi amfani da shi wajen haɗa 'yan lomomin kokwamba da cuku, irin abin taɓa bakin da ake ajiye wa baƙi kafin a kawo abinci. Kifin ya yi abin da ake so, kuma zan sake saya. Sai dai kyan farantin ko lalacewarsa ya fi rataya a wuyan kokwamba, domin ruwanta shi ne ke ɓata komai idan ba a yi maganinsa tun farko ba.

Abu na farko, a duba rubutun fakiti a tabbatar da irin kyafin. Iri biyu ne, kuma aikinsu ya bambanta. A kyafin sanyi, ana shafe kifin da gishiri, wani lokaci har da sukari, a bar shi wasu sa'o'i, a wanke, a busar, sannan a ba shi hayaƙin da zafinsa bai wuce digiri 30 a ma'aunin salshiyos ba. Kifin ba ya dahuwa, shi ya sa naman yake zama santsi, haske na ratsa shi, yana lanƙwasuwa kamar ƙyalle. Kyafin zafi kuwa ana yinsa ne a digiri 60 zuwa 80 ko fiye, naman ya dahu, ya riƙa ɓarewa sala-sala. Na farkon ne ake naɗewa a ɗora a kan kokwamba. Wanda ya sayo na biyun bisa kuskure bai yi asara ba, sai dai ya marmashe shi cikin cukun, don ba zai naɗu ba.

Kafin a saya, ledar ta kasance a manne da kifin tsam. Idan ta kumbura, ko ruwa mai fari-fari ya taru a gefe, ko bakin yankan ya bushe ya yi duhu, a mayar da shi. Jerin abin da ke ciki gajere ne a mai kyau: kifi, gishiri, hayaƙi, wataƙila da sukari. Wanda aka yi wa ƙarin ruwan ƙamshin hayaƙi yakan bar ɗaci a maƙogwaro, kokwamba kuma ba ta iya ɓoye shi.

Abin da na yaba a wannan fakitin shi ne maiƙonsa. Salmon na kiwo yana da kitse sosai, ana ganin fararen layuka a jikin naman, kuma wannan kitsen ne ke sa yankan ya naɗu ba tare da ya yage ba. Hayaƙin bai yi ƙarfi ba, bai danne ƙamshin kokwamba ba. Na kwatanta shi da jan salmon na Alaska wanda ake kamowa a teku: wancan ya fi ja, ya fi ɗanɗano mai ƙarfi, amma kitsensa kaɗan ne, yana tsagewa wajen naɗi. Don wannan aikin, na kiwon ya fi sauƙin sarrafawa.

Yana da aibobinsa. Yankan ba su zo daidai da juna ba. Na wajen wutsiya sun fi siranta, sun kuma fi gishiri saboda naman wurin ba shi da kauri. A tsakiyar wasu yankan akwai ɗan nama mai ruwan ƙasa, wanda yake kwance ƙarƙashin fatar kifin. Ba lalacewa ba ce, amma ƙarninsa ya fi na sauran, kuma a loma ɗaya tak ana jinsa. Ni ina yanke shi da bakin wuƙa. Wannan yana rage giram biyar zuwa goma daga fakitin, don haka a sa shi cikin lissafi. Ledar ma ba ta sake rufuwa idan an buɗe.

Kada a ɗauko fakitin daga firji a fara ɓamɓarar yankan nan take. Da sanyinsu a manne suke, sai su yage. A buɗe ledar, a bar shi minti goma ya sha iska, warin da ya taru a ciki ya fita, sannan a zura faffaɗar wuƙa ƙarƙashin kowane yanka a ɗaga a hankali. Idan mai ya yi yawa a samansa, a ɗan danna da takardar goge hannu ta kicin.

Ga adadin da ya yi mini daidai don loma 24: kifi giram 100, doguwar kokwamba ɗaya mai kusan santimita 30, da cuku mai laushi irin na shafawa a burodi giram 150. Sai yogot marar sukari cokalin cin abinci ɗaya, gogaggen ɓawon rabin lemun tsami, ruwansa cokalin shayi ɗaya, yankakken ganyen dil (wani siririn ganye mai ƙamshi da ake sa wa abinci) cokalin cin abinci ɗaya, da ɗan niƙaƙƙen masoro. Idan akwai abinci a gaba, mutum ɗaya yakan ci uku zuwa huɗu, wato fakiti ɗaya na mutum shida zuwa takwas ne. Gishiri ba ya cikin haɗin cukun ko kaɗan. Irin wannan kifin yana ɗauke da gishiri kusan giram uku a cikin kowane giram 100, shi ne zai gishirta lomar gaba ɗaya.

Yanzu ga kokwamba, inda aikin yake. Kusan kashi 95 cikin 100 na jikinta ruwa ne, gishiri kuma yana jawo ruwan nan waje. Da zarar an ɗora cuku da kifi a kan ɗanyen yanka, gishirinsu zai fara tsotso ruwan. Bayan minti talatin ko arba'in za a ga faranti ya jiƙe, cukun yana zamewa gefe, baƙo ya ɗauka kifin ya faɗo. Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan cukun, alhali kokwambar ce ba a tsane ba.

A zaɓi doguwa mai siririn ɓawo da ƙananan 'ya'ya, mai tauri daga kai har ƙasa. Gajeriya mai kauri da manyan 'ya'ya cikinta ruwa ne zalla, ba ta riƙe kaya. A yanke bakin nan biyu a ɗanɗana, musamman wajen da take manne da reshe, don a nan ɗaci yake taruwa. In da ɗaci a ƙara yankewa har a wuce shi. A fere ɓawon layi-layi, a cire ɗaya a bar ɗaya. Koren da ya rage yana riƙe yankan kada ya lanƙwashe, ga shi yana ƙawata faranti. Sai a yanka ta zagaye-zagaye, kaurin kowane yanka santimita ɗaya. Ƙasa da rabin santimita lanƙwashewa yake a tsakanin yatsu, sama da ɗaya da rabi kuma kokwamba ce kawai za a ji a baki, kifin ya ɓace.

Da ƙaramin cokali a ɗan kwarfe tsakiyar kowane yanka, rami marar zurfi, kada a huda ƙasan. Ramin yana rage wurin da ya fi ruwa, kuma a nan cukun zai zauna. A jera su a kan tsabtataccen tawul, a barbaɗa gishiri kwatan cokalin shayi ga dukansu, a bar su minti goma sha biyar. Za a ga ruwa ya tsattsafo kamar gumi. A goge sama da ƙasa sosai, a danna takarda cikin ramin. Kada a wuce minti ashirin, domin daga nan sai ta fara yaushi, ƙaras-ƙaras ɗin da ake nema ya tafi. Wannan kwata awa ita ce bambancin farantin da zai tsaya sa'a guda a bushe da wanda zai jiƙe kafin baƙi su gama gaisawa.

Cukun a saya mai cikakken mai. Wanda aka rage wa mai ruwa ya fi yawa a cikinsa, ba ya tsayawa. A fito da shi daga firji minti talatin ya yi laushi, a zuba yogot da ɓawon lemu da ruwansa da dil da masoro, a juya da cokali har ya haɗu, a tsaya. Yawan bugawa yana tsinka shi. Wajen goga ɓawon lemun, saman kawai ake so. Farin da ke ƙasa ɗaci ne. A zuba haɗin cikin tsabtatacciyar ledar abinci, a mayar firji minti ashirin ya ɗan kama jiki, sannan a yanke kusurwar ledar a matsa kamar cokalin shayi ɗaya a kowane rami. Matsawa ta fi cokali tsabta da sauri. Wanda bai samu dil ba ya yanka siririn lawashin albasa ƙanana-ƙanana, amma ya rage yawansa, don yana da ƙarfi.

Kifin a yanka shi tsiri-tsiri, faɗi santimita biyu, tsawo shida zuwa bakwai, kowanne kimanin giram huɗu. A murɗa shi sako-sako ko a ninka shi kamar igiyar ruwa, a dasa gindinsa cikin cukun. Akwai dalilin da ya wuce ado. Idan aka shimfiɗa shi a kwance, yana mannewa, cizon farko ya jawo shi gaba ɗaya ya bar kokwamba tsirara. Naɗaɗɗe kuwa yana shiga baki a loma ɗaya, kuma ya fi laushi a harshe. Ɗan reshen dil a kai ya isa. Kuskuren da na fi gani shi ne matsa lemun tsami a kan kifin tun a kicin. Tsamin yana canza naman, cikin 'yan mintuna ya koɗe ya yi fari-fari, santsin ya tafi. A yanka lemun a ajiye a gefen faranti, mai so ya matsa da kansa.

Na gwada ɗayan salon ma, wanda ake fere kokwamba a tsaye ta zama dogon zare mai faɗi, a shafa cuku, a ɗora kifi, a naɗe, a soke da tsinke. Ya fi ɗaukar ido, babu shakka. Amma siririyar kokwamba tana saurin sakin ruwa, naɗin ya saki jiki kafin minti talatin, kuma yana cin kifi kusan ninki biyu. Ga mutum huɗu a teburi ya yi. Ga taro, zagayayyen yankan ya fi.

Haɗin cukun ana iya yinsa tun jiya. Kokwambar a yanka, a tsane, a jera tsakanin takardu cikin roba mai murfi, za ta yi sa'a biyu zuwa uku a firji lafiya. Haɗawar ƙarshe kuwa kada ta wuce sa'a ɗaya kafin a ci, rabin sa'a ya fi. A sanyaya farantin a firji tukuna. Idan za a rufe, a yi amfani da murfi mai zurfi wanda ba zai taɓa kifin ba, kuma a fitar da rabi a bar rabi cikin sanyi har na farko ya ƙare.

Maganar sanyi ba ta ɗanɗano ba ce kaɗai. Kifin nan bai dahu ba, kuma ƙwayar cutar listeriya tana iya yaɗuwa ko a cikin firji, ko da yake a hankali. Firjin ya kasance a digiri 4 ko ƙasa. Faranti kada ya wuce sa'a biyu a waje, in zafin wurin ya haura digiri 32 kuma sa'a ɗaya. Abin da ya rage bayan haka a zubar. Hukumomin lafiya suna ba mata masu juna biyu, da tsofaffi, da masu raunin garkuwar jiki shawarar su guji kyafin sanyi sai an dafa shi ya yi zafi sosai. Idan akwai irinsu cikin baƙi, a yi musu nasu da salmon na gwangwani da aka tsane aka marmashe cikin cuku, a faranti dabam, da wuƙa dabam. A kuma faɗa wa kowa cewa akwai kifi da madara a ciki, saboda waɗanda jikinsu ba ya karɓa.

Guntattakin da suka rage wajen yanka a daddatsa su a cakuɗa da sauran cukun, a shafa a burodi. Yankan da ba a taɓa ba a naɗe su da leda sosai a mayar firji nan take, a cinye cikin kwana biyu ko yadda fakitin ya ce. Firiza tana ajiye shi, amma idan ya narke yana fitowa da danshi da laushin da ba ya naɗuwa, sai dai a sa shi cikin ƙwai ko taliya.