Littafin da unguwarzoma ta gano ɓarawon san huɗa

Ƙanwata ce ta taho min da shi daga Kano, ɗan siririn littafi, ta ce, "Yaya, wannan ba na soyayya ba ne, ki gwada." A dare biyu na cinye shi da fitilar waya, bayan yara sun yi barci.

Labarin a wani ƙauye aka kafa shi, irin namu na nan gefen Gumel. Ranar Alhamis, ranar da kasuwar Maigatari ke ci, aka wayi gari san huɗar wani dattijo ba ya turke, igiya kuma kwance ta aka yi, ba yanka ba. Ba bindiga, ba jini. Mai unguwa ya kai magana gaban dagaci, maza suka taru a ƙofar fada, kowa ya rantse, aka watse ba a tsinci komai ba. Tsohuwar unguwarzomar garin ce ta kamo bakin zaren.

Nan littafin ya kama ni. Namiji iyakarsa zaure, ita kuwa ba gidan da ba ta shiga, tunda rabin garin ita ta yanke musu cibi. Ba ta yi wa kowa tambayar ƙure. Sai ta ja kujera gefen murhu, ta taya matar gida tsince wake, hira na tafiya har ta ji wadda ta yi wata uku ba ta zuba adashi ba, ga shi yanzu ta biya gaba ɗaya. Akwai wurin da na kife littafin na yi shiru: ta gane mai laifin, amma ta kwana uku ba ta furta ba, saboda uwarsa aminiyarta ce tun suna 'yan mata. Wannan nauyin na san shi. A ƙauye sanin gaskiya ba ya wuya, faɗarta ce aiki, don gobe tare za ku zauna a gidan suna ko zaman makoki.

Abu biyu sun sosa min rai. Marubucin ya sa ana girbin gero cikin hunturu, alhali gero tun wajen Satumba ake ɗaure damminsa. Dawa da maiwa ne ke kai wa sanyi. Sannan ya sa an sayar da sa a kara ba dillali. Wa zai ƙirga maka kuɗin sa bai ga wanda ya tsaya maka ba? Bugun ma an yi sakaci, ba ƙugiya a haruffa, sai ki karanta "kafa" sau biyu kafin ki gane ƙafa ake nufi.

Duk da haka na ba maƙwabciyata aro, yanzu ya zaga gida huɗu, bangonsa har ya fara rabuwa. Da na karanta wa Inna shi a tsakar gida, tun a babi na huɗu ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya, 'yar nan. Wanda ya kwance igiyar nan ɗan gida ne."