MP3, M4A ko FLAC: wanne ya dace da memorin waya da rediyon mota?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya: yana da memori mai GB 16, yana so ya cika shi da waƙoƙi da karatu da wa'azi, ya riƙa saurare a waya, wani lokaci kuma ya cire ya sa a rediyon mota. Wasu sun ce masa FLAC ya fi, wasu sun ce M4A. Wanne zai ɗauka?

Malam, kafin maganar kyan sauti, fara duba na'urar da ta fi rauni cikin waɗanda za ka sa wa memorin, domin ita ce mai yanke hukunci. Wayar Android ta yanzu tana buɗe kusan komai. Rediyon mota na da, da ƙananan sifikun nan masu ramin memori, da waya mai madannai, yawancinsu MP3 suka sani. Ka zuba musu FLAC su tsallake shi kamar babu.

MP3 da M4A 'yan gida ɗaya ne: dukansu suna zubar da wani ɓangare na sautin da kunne bai cika kamawa ba, don fayil ya yi sauƙi. MP3 ya fito a 1993, shi kuwa AAC, wanda galibi shi ne a cikin fayil mai ƙarshen m4a, ya biyo baya a 1997 kuma ya fi iya matsi. Idan aka sa su a 128 kbps (ma'aunin yawan bayanan sauti a kowace daƙiƙa), AAC ya fi tsabta. MP3 a wannan mataki yakan datse sautuka masu kaifi, sai ka ji tafi da kacau-kacau suna fita kamar ana watsa ruwa. Da an haura zuwa 192, bambancin ya yi ƙanƙanta ƙwarai, musamman a mota da ƙugin inji.

FLAC bai zubar da komai, matse fayil kawai yake yi ya koma wajen rabin girmansa. WAV kuwa, wani nau'in fayil ɗin sauti, ko matsin babu. Ga lissafin waƙar minti 5: MP3 a 128 tana cin MB 4.8, a 192 MB 7.2, a 320 MB 12. FLAC zai kai MB 30 ko kusa da haka, WAV kuma MB 53. Ke nan memorinka zai ɗauki waƙa kusan 2,000 a 192, amma a FLAC da ƙyar ka wuce 500. Kuma in ta Bluetooth kake ji, wayar za ta sake matse sautin kafin ta tura shi, ka ga ribar FLAC ɗin ta ragu tun a hanya.

Shawararmu: waƙa ka sa ta a MP3 mai 192. Wa'azi da tafsiri ba sa buƙatar haka, muryar mutum ɗaya ce, 64 kbps a mono, wato sauti mai layi ɗaya, ta wadatar, awa guda ba ta wuce MB 29 ba. Karatun Alkur'ani ka ɗan ɗaga masa zuwa 96 ko 128 don haruffa su fita sarai. Opus, wanda WhatsApp ke naɗar saƙon murya da shi, ya fi su duka iya ƙanƙantar da magana, sai dai rediyon mota ba kasafai yake gane shi ba, shi ya sa wa'azin da aka turo ta can yakan ƙi buɗewa sai an mai da shi MP3.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne wajen juya fayil. Ɗaukar MP3 mai 128 a mai da shi 320 ko FLAC bai ƙara masa komai sai nauyi, abin da aka zubar ya tafi. Juya M4A zuwa MP3 kuwa yanka ne a kan yanka. Idan kana da asalin FLAC ko faifan CD, ajiye shi a kwamfuta, duk lokacin da kake son kwafi ka fitar daga can. Wajen fitarwa zaɓi CBR, wato kbps ɗin da ba ya canzawa, domin wasu tsofaffin rediyoyi suna rikicewa da VBR mai hawa da sauka, su nuna tsawon waƙa ba daidai ba.

Shi kansa memorin, naka mai 16 yana kan tsarin ajiyar fayil na FAT32, wanda kusan kowace na'ura ke karantawa. Idan ka tashi ƙarawa, ka sani wanda ya haura GB 32 yana zuwa ne da tsarin exFAT, kuma rediyoyi da yawa ba sa ganinsa sai an yi masa fomatin zuwa FAT32, wanda zai goge duk abin da ke ciki. Sunayen fayil kuma ka rubuta su da baƙaƙen boko zalla, ba ƙ ba ɗ ba Larabci, in ba haka ba fuskar rediyon takan nuno maka alamun tambaya a madadin suna.