Ɗan ƙarfen da ke juyawa a ƙarƙashin danja

Ƙanena, bayan gaisuwa, da fatan su Hajiya suna lafiya. Ka ce in yi maka bayanin aikin da na ajiye alli saboda shi, don a gida an ɗauka zanen hoto nake yi.

Ina tsara manhajoji ne yadda makaho da kurma da tsoho mai rawar hannu za su yi amfani da su ba ɗan jagora. A bakin titi abin ya fara kama ni, nan Mancesta, a Ingila. Ƙarƙashin akwatin da ake dannawa a danja akwai wani ɗan ƙarfe mai tsini, lokacin tsallakawa na yi sai ya hau juyawa. Makaho ya ɗora yatsa, ya ji, ya wuce abinsa. Takardar fam 10 da ta fam 20 suna da ɗigo-ɗigo masu tudu a kusurwa. Injinan cirar kuɗi da yawa kuma, ka soka iyafis su yi maka magana.

Sai Baffa ya faɗo mini a rai. Tun da idonsa ya tafi, da baki yake faɗa wa yaron POS lambar sirrinsa, a Ƙofar Wambai, jama'a na tsaye. Mutumin da ya riƙe gida shekara da shekaru! Har yau abin yana cina.

Kada ka ɗauka komai sun fi mu. Gilashin wayata ya fashe, kuɗin da aka yanka mini sai da na riƙe baki, ga jiran kwanaki. A Farm Centre, kasuwar waya ta Kano, kafin ka shanye lemo an gama. Inda suka yi mana zarra shi ne doka tana da haƙori: tun 2018 aka wajabta wa shafukan intanet na gwamnati bin WCAG, ƙa'idar sauƙaƙa shafuka ga masu buƙata ta musamman, wadda hatta bambancin kalar rubutu da bango ta ƙayyade, 4.5 zuwa 1. Mu ma Buhari ya sa hannu a dokar masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, da wa'adin shekara 5 na gyara gine-gine. Ka leƙa matakalar asibitoci da bankunanmu ka gani.

Tunda ka ce kana sha'awa, kada ka fara da biyan kuɗin kwas. Kunna TalkBack, mai karanta wa makaho abin da ke fuskar waya, a wayarka, ka rufe ido, ka gwada tura naira 2,000. Duk inda ka maƙale, rubuta. Sannan ka nemi izinin malamai a makarantar makafi da kurame ta Tudun Maliki, ka zauna kusa da ɗaliban ka ga yadda suke sarrafa waya. Abin da ka rubuta ka turo mini kafin azumi, mu duba tare.

A gaishe mini da Baffa.