Wace manhaja ta dace da kwaikwayon matensait a kwamfuta?

Duk maƙeri ya san idan ya gasa ƙarfe mai kabon har ya yi ja, ya tsoma shi a ruwa, zai yi tauri. A cikin ƙarfen, atam-atam ne ke gocewa gaba ɗaya, kowanne ɗan taƙi kaɗan, sai tsarin ya koma matensait, sunan da aka raɗa don karrama Adolf Martens na Jamus. Ba sa yawo daga wuri zuwa wuri. Matsewa da miƙewar ƙarfen ne ke tsara siraran layukan da ake gani a madubin ƙara girma. Don haka, kafin ka saki kuɗi ko ka ba da watanninka, abin dubawa na farko shi ne yadda manhaja ke lissafin wannan matsewa da miƙewa.

MICRESS, ta cibiyar ACCESS da ke Aachen, ta kuɗi ce, kuma tana haɗuwa da Thermo-Calc, manhajar lissafin yanayin da gamin ƙarafa ke ɗauka a kowane zafi. Ta yi fice wajen daskarewar narkakken ƙarfe da sauyin da ke tafiya da yaɗuwar sinadarai. Idan aikinka na matensait zalla ne, a ganina za ka biya kuɗin ƙarfin da ba za ka mora sosai ba. COMSOL ma sai da lasisi. Tana da daɗin koyo domin kana iya shigar da lissafinka da hannu, amma da aiki ya koma mai tsawo da faɗi da zurfi, kwamfutar ofis takan gaji. Abaqus kuwa ta wanda ke son sanin yadda wayar Nitinol, gamin nikel da taitaniyam, za ta lanƙwashe ta dawo ce. Halin kayan take nunawa, ba layukan ciki ba, sai dai in ka rubuta naka ƙarin.

A ɓangaren na kyauta ne na fi son ɗalibi ya tsaya ya duba da kyau. MOOSE ta fito daga ɗakin binciken ƙasa na Idaho a Amurka, kuma tana haɗa sauyin tsari da lissafin matsewa a wuri guda. Tana karɓar samfur mai kowace irin siffa, har da mai rami ko tsagewa. Kuɗinta shi ne haƙuri: sai ka saba da tsarin kwamfuta na Linux, ka kuma iya ɗan yaren rubuta manhaja na C++. PRISMS-PF ta Jami'ar Michigan an gina ta ne don gudu a kan manyan kwamfutoci. Akwai kuma OpenPhase, wadda ta samo asali a Jami'ar Ruhr da ke Bochum.

Hanya ta ƙarshe ita ce ka rubuta taka da FFT, wata dabarar lissafi mai rarraba bayanai zuwa igiyoyi masu maimaituwa, bisa tafarkin da masana Wang da Khachaturyan suka bi a 1997. Tana da sauri ƙwarai, kuma tana koya maka lissafin ciki da waje. Sharaɗinta dai shi ne samfurin ya zama akwati mai maimaita kansa ta kowane gefe, don haka bakin ƙarfe da sarari ba sa zuwa da sauƙi.

Ka ƙirga fuskokin da matensait ɗinka ke iya ɗauka, wato ɓangarorin da sabon tsarin atam-atam ke iya fuskanta, tun kafin ka sayi kwamfuta, domin kowace fuska na cin nata wurin a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Sauyi daga kubik (tsari mai gefuna daidai wa daida) zuwa tetaragonal (wanda gefe ɗaya ya bambanta da sauran) fuska 3 ne. Na Nitinol 12 ne. Akwati mai ɗigo 256 ta kowane gefe yana da ɗigo kusan miliyan 16.8, fuskoki 12 kaɗai za su ci kimanin gigabait 1.6, ba a ma zo kan matsewa ba.

Ga mai digiri na biyu, ya fara da FFT a shimfiɗe mai tsawo da faɗi kawai, da fuska 2, a kwamfutar cinya. Ranar da siffar samfur ta fara damunsa, ya koma MOOSE.